Notin Motar Hammadu

"Kashe min wutar nan, Mukhtar! Kashe ta na ce!"

Muryar Malam Alu ce, amma sai da na waiwaya sau biyu kafin na yarda. Yana tsaye a bakin zaurensa, hannu ɗaya dafe da bango, daga shi sai tsohuwar jamfa da zane ɗaure a ƙugu. Ƙafarsa ba takalmi, don wata uku ke nan babu takalmin da ke shigarta saboda kumburi. Ni kuwa ina inda na saba, a dakalin ƙofar gidanmu, na maƙale zare a babban yatsan ƙafata ina kitsa mazagin wando. Sana'ata ke nan tun da ido ya ƙi ɗinkin hula. Tsakanin dakalina da garejinsa bai fi taku goma ba. Shekara talatin da ɗoriya ina shan hayaƙinsa, yana shan surutuna.

Mukhtar, babban ɗansa, wanda garejin ya koma hannunsa tun da ciwon zuciya ya kwantar da uban, yana tsugune a gefen wata jar mota a gindin tsamiya, wutar walda na huci a hannunsa. Ya kashe ta, ya miƙe.

"Baba, wa ya ce ka fito?"

"Izini zan nema kafin in fito ƙofar gidana? Me za ka ƙona?"

"Noti ne ya ƙi. Na ce ko in na gasa shi..."

"Ka gasa shi, ka narkar da robar fuli, ka toya duk abin da ke bayanta. A nan ka koyi wannan?"

Bari in koma baya kaɗan, don ku ji yadda aka zo nan. Motar ta Hammadu ce, wani Bafillace mai fataucin shanu daga Rurum. Irin motocin Kwatanon nan ne da suka cika gari a shekarun, bayan zaɓe na biyu na farar hula, lokacin fastocin 'yan takara ba su ma gama ɓarewa daga kwanon rumfar garejin ba. Baƙin mai take zubarwa ta gaban inji. Kafin a kai ga robar da ta mutu, sai an cire wani faifan ƙarfe da bel yake hawa, shi suke ce wa fuli. Fulin kuma noti guda ne ƙato yake riƙe da shi a bakin sandar da ke juya inji. Wannan notin ne ya kafe. Kwana huɗu Mukhtar yana fama. A rana ta huɗu Hammadu ya gaji, ya aika Kano a turo janwe, babbar motar nan mai jan matattun motoci, ta ja motar zuwa birni, aka ce za ta iso bayan azahar.

To, duk Rano an san magana ɗaya game da Malam Alu. Shekara arba'in da ɗaya yana gyara a gindin tsamiyar nan, ba a taɓa fitar da mota daga wurinsa a kan igiya ba. Da igiya dai a kawo ta, amma da ƙafarta take fita. Shi ya sa Mukhtar ya bi kowa ya roƙa kada a bari maganar janwe ta shiga kunnen tsohon.

Wa ya faɗa? Ni ce. Ba zan ɓoye muku ba. Da safen nan matar Malam Alu, Salamatu, ta kira ni ta kan katanga tana tambayar wai me ake ta bugu a waje kwana da kwanaki, ni kuma bakina ba ya da murfi, muryata kuma ba ta san raɗa ba. Na zayyane mata komai, har da janwe. Tagar ɗakinsa tana nan kusa da katangar.

Malam Alu ya tako a hankali, yana hutawa bayan kowane taku uku. Hammadu ya yi maza ya jawo masa benci.

"Sannu Baffa. Ai da ka zauna a ciki, ba komai wallahi, a birni ma..."

"Hammadu, saniyarka ta taɓa kwanciya a garkenka ka kira maƙwabci ya tashe ta kana kallo?"

Hammadu ya sosa ƙeya.

"Mukhtar, faɗa min abin da ka yi. Kar ka tsallake komai."

Mukhtar ya lissafa. Ya jiƙa notin da man birki ya kwana. Ya buga da guduma. Ya zura bututu a sifana sun hau su uku, amma injin sai ya bi su yana juyawa, ga motar ba mai kuloci ba ce balle a sa giya a taka birki ta tsaya. "Sai na yi yadda ka koya min," in ji shi. "Na tokare sifana da ƙasa, na sa aka buga ki, don ƙarfin injin ya kwance shi da kansa. Sau uku. Sifanar ma ta lanƙwashe."

Malam Alu ya daɗe yana kallon wurin da aka cire tayar gaba, inda notin yake leƙowa. Sai ya juyo wajena.

"Iya Laraba, kina da alli?"

Mai aikin zare ba ta rabuwa da alli. Na ɓalle masa ɗan guntu. Ya ce Mukhtar ya ja layi a jikin fulin, a cire sifana, Hammadu ya shiga ya ɗan taɓa makulli ya saki. Injin ya yi gurnani sau ɗaya. Dukkanmu muka ga farin layin ya zarce hagu.

Sai tsohon nan ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa, Mukhtar ya riƙe kafaɗarsa yana "Baba, Baba." Da ya samu numfashi ya share ido da hannun riga.

"Bahaguwa ce! Hammadu, bahaguwar mota ka sayo. Duk Fijo da ta taɓa shigowa nan, injinta dama yake juyawa, shi ya sa in ka tokare sifana ka buga ki, noti yake saki. Wannan hagu take yi. Kowane bugu da ka yi, Mukhtar, ƙara ɗaure shi ka yi. Sau uku ka ce?"

Mukhtar ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu, amma a lokacin sai ka rantse an kama shi da hannu a tukunyar miya.

"Ɗago kanka. Ni na koya maka bugun, ban koya maka ka fara duba inda inji yake juyawa ba, don ni ma ban taɓa buƙata ba. Rabin laifin nawa ne. Rabi fa na ce, kar ka ji daɗi."

"To notin ma ta dama zai kwance ke nan?"

"A'a. Noti lafiyarsa ƙalau, hagu zai kwance kamar kowane noti. Injin za mu hana motsi. Iya Laraba, mazagin nan na ƙafarki, kamu nawa ne?"

"Kamu takwas, ban yanka ba tukuna. Na mutane ne fa, Malam Alu, wanduna uku ke jiransa."

"Su riƙe da hannu zuwa gobe. Kawo."

Hammadu ya ce akwai igiyar rama a but ɗinsa, mai ƙarfi, wadda yake ɗaure bijimi da ita. Malam Alu ya ce ya bar wa bijimin kayarsa, rama tana zubar da gashi, in ya shiga inji ba mai tsince shi. Auduga yake so, mai laushi, kitsattsiya. Ni dai na kwance daga yatsana na miƙa, ban san me mazagi zai yi wa mota ba.

Tsohon ya sa aka cire kan batir, aka kwance fulogi guda. Ya ce a tashe shi. Mukhtar ya ce ya faɗa daga zaune, shi zai yi. Ya ce, "Yatsanka bai san abin da zai ji ba." Haka ɗan ya rungumo shi ta ƙugu, ya jingina da motar, ya toshe ramin fulogin da babban yatsansa, ya rufe ido. Hammadu yana juya injin a hankali da sifana ta ƙasa.

"Ci gaba. Ci gaba. Tsaya! Ga shi tana turo iska. A nan duk ƙofofinta a rufe suke, ba abin da zai lanƙwashe."

Sai ya shiga zura mazagina cikin ramin, kaɗan kaɗan, yana turawa da wani siririn tsinke. Bai kuskure ramin ba ko sau ɗaya. Kamu bakwai suka shige. Ya miƙo min ragowar.

"Riƙe wutsiyar nan. In fistin ya taso zai danne mazagin, ya rasa wurin wucewa, injin ya tsaya cak. Amma in kika bar wutsiyar ta shige, sai mun fasa kan injin gaba ɗaya, kuma zan gaya wa duk Rano ke ce."

"Ni da ban taɓa shiga gaban mota ba, yau ni ce bakanike?"

"Shekara talatin kina ba mu shawara daga dakali ba wanda ya tambaye ki. Yau ki yi aiki."

Na naɗe ta a yatsa sau biyu. Aka juya, aka juya, sai injin ya cije. Mukhtar ya kalli ubansa.

Saura abin da za a ɗora doguwar sifanar a kai don kada ta zame daga kan notin. Aka gwada bulo, ya yi gajere. Malam Alu ya ɗaga murya wajen gida, iya abin da ya rage masa na murya.

"A kawo min turmi!"

Salamatu ta leƙo daga zaure, mayafi a ka. Ashe tun ɗazu tana nan tsaye.

"Malam, likita cewa ya yi..."

"Likita cewa ya yi kar in ɗauki abu mai nauyi. Ni na ce zan ɗauka? Turmi na ce a kawo."

Ta dube shi, ya dube ta. Na ɗauka faɗa za a yi. Sai ta juya ciki, can sai ga ta tana mirgino turmin da kanta har bakin zaure. Aka kife shi, ya yi daidai kamar don haka aka sassaƙa shi.

Suka zura wani dogon bututun famfo a sifanar. Mukhtar da Hammadu suka kwanta a kansa. "Ba da tsalle ba," in ji tsohon, "nauyi za ku ba shi, ku bar shi ya yi tunani." Bututun ya lanƙwasa kamar baka. Mazagin ya yi tauri a yatsana. Noti ko gezau. Suka sake, suka sake, har gumi yana ɗiga daga gemun Hammadu. Ana cikin haka aka kira azahar.

Mukhtar ya ce, "Baba, ka ga an gwada. Ka shiga ka yi salla ka kwanta. Ba abin kunya ba ne, motocin yanzu ne."

"A nan zan yi sallata. Zuba masa man birki ya sha kafin ku dawo."

"Baba, don Allah. Dubi leɓenka. Mota ce fa, ƙarfe ne. In ka faɗi a nan me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu a wurin aikina na faɗi. Wata uku kuna juya ni a katifa kamar waina, an hana ni gishiri, an hana ni rana, an kulle min akwatin sifanu kamar ɓarawo. Duk na yi shiru. Wannan kam ban yarda ba. Ina numfashi ba za a sa wa mota igiya a gindin tsamiyar nan ba. In na mutu ku ja har tsamiyar."

Suka tafi masallaci. Na ɗaure wutsiyar mazagin a jikin wani ƙarfe, na kawo masa buta, ya yi alwala, ya yi sallarsa a zaune a kan benci. Ni ma na shiga na yi tawa. Ina fitowa na ji ƙugin babbar mota daga hanyar Kano.

Direban janwen wani kakkauran mutum ne mai baƙin gilashi, ɗan birni sosai. Ya diro yana kaɗa makulli, ya zaga motar, ya ga turmi, ya ga mazagi yana reto daga inji, ya ga tsohuwa ta koma ta riƙe shi. Ya yi dariya har da dafa gwiwa.

"Baba, wannan kuma asiri ne ko gyara? A birni injin iska ake sa masa, minti ɗaya ya fito. Ku matsa in ɗaura sarƙa, ina da wata a Kibiya kafin la'asar."

"Sannu da zuwa," in ji Malam Alu. "Me kake ci a birnin nan haka, tubarkalla?"

"Ni? Komai ma."

"Ya nuna. To tunda Allah ya kawo ka, zo ka hau bututun nan. In ya ƙi, ka ɗaura sarƙarka, ni da kaina zan riƙe maka."

"Baba, ni ba yaron gareji ba ne."

"Ashe tsoro kake kada ya kwance ka koma ba kaya."

Mutane sun fara taruwa, masu dawowa daga masallaci, da 'yan acaɓa biyu da suka tsaya kallo. Direban ya dube su, ya cire gilashin ya sa a aljihu, ya naɗe hannun riga. Su uku suka kwanta a kan bututun. Turmin ya nutse a ƙasa, don an yi ruwa shekaranjiya. Ƙarfe yana kuka. Har yanzu shiru.

Ban ga lokacin da Malam Alu ya tashi daga benci ba. Sai ganinsa na yi a can ƙarshen bututun, bayan su duka, ya ɗora hannu biyu. Mutumin da ciwo ya cinye, in ban da kumburin ƙafa iska ma za ta ɗauke shi. Mukhtar ya buɗe baki zai yi magana.

"Kar ka saki," in ji uban. "Bismillahi."

Ya sake jikinsa gaba ɗaya a kai.

Ƙau! Kamar an harba bindigar toka. Tsuntsayen tsamiya suka watse, su huɗun suka zube a ƙasa, ni kuma na saki salati na ɗauka wani abu ya karye a cikin injin. Mukhtar ya rarrafa wajen ubansa. Tsohon yana kwance rigingine, ƙirjinsa yana hawa yana sauka, ya ɗaga hannu yana nuna motar.

"Ba ni ba. Duba noti."

Mukhtar ya sa yatsu biyu, notin ya biyo shi salin alin. 'Yan acaɓa suka hau kabbara. Direban janwe ya tashi yana kakkaɓe wando yana cewa wallahi sai ya ba da labarin nan a birni, ko da yake ya san ba mai yarda. Hammadu ya ja shi gefe suka yi maganarsu, aka ba shi fura ya sha, ya juya da sarƙarsa tana lilo ba komai a jikinta. Malam Alu bai yarda an ɗaga shi daga ƙasa ba sai da janwen ta sha kwana.

Aka juya injin baya kaɗan, na jawo mazagina. Ya fito baƙi ƙirin, a daddanne, amma ko zare ɗaya bai tsinke ba. Malam Alu ya karɓi notin, ya auna shi a tafin hannu, ya ce robar sai an sayo a Kano, ranar da za a ɗaura a kira shi. Mukhtar ya durƙusa zai goya shi.

"Cika ni. Da ƙafata na fito."

Taku goma ne zuwa zaure. Mun tsaya muna kallo, ba wanda ya taɓa shi, har ya kai.

Kwana biyu ya ƙara. Rana ta uku da hantsi, ana yayyafi, ina tankaɗe a tsakar gida na ji salatin Salamatu ta kan katanga, irin wanda ba sai an yi maka bayani ba. Kafin azahar an kai shi. Allah ya jiƙan Malam Alu, ya sa ya huta.

A gindin tsamiyar aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki, maza suna zaune kewaye da jar motar, tana tsaye da ƙafa uku. Hammadu kullum sai ya zo daga Rurum a kan babur, ya zauna har la'asar, bai taɓa ɗaga zancen motarsa ba. Bayan sadakar uku Mukhtar ya kawo robar daga Kano, ya sa ta, ya mayar da fuli, sai aka nemi noti aka rasa. Ya zazzage akwatin sifanu, ya tona ƙasar wurin da hannu, babu.

Ni kuma abin yana cina. Na shiga wajen Salamatu, tana ɗaki cikin takaba, carbi a hannu. Na zauna na ce, "Salamatu, ki yafe min. Da ban yi zancen janwen nan da ƙarfi ba, da bai fito ba, da wataƙila yana nan."

Ta ajiye carbin a cinyarta.

"Iya, shekara nawa na san muryarki? Wa kike tsammani ya buɗe masa tagar kafin in kira ki?"

Na dube ta, ta ci gaba.

"Ranar da ya shigo, tuwo ya ce in tuƙa masa, miyar kuka da gishirinta. Na sa masa. Ya cinye, ya suɗe hannu, ya yi ta ba ni labarin direban nan yana dariya. Wata uku ban ji dariyarsa ba." Ta sa hannu ƙarƙashin filo ta ciro abu a ƙulle cikin ƙyalle. "A aljihun jamfarsa na gani da zan ninke ta. Ni ba zan fita ba. Kai wa Mukhtar."

Na kai masa. Ya kwance ƙyallen, ya daɗe yana kallo, sannan ya goge hanci da bayan hannu.

"Iya, mazagin nan yana nan? Ɗaurewar ma sai an tsayar da injin."

Na ɗauko. Shi ya toshe ramin da yatsansa wannan karon, ya rufe ido, ni na riƙe wutsiya. Da aka gama ya mayar da fulogi da kan batir da taya, Hammadu ya shiga ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi. Ya yi baya a hankali, ya ɗaga mana hannu, ya hau hanyar Rurum.

Da asubar ranar an yi ruwa, duk gindin tsamiyar a jiƙe yake, sai inda motar ta yi kwana goma a tsaye, nan ne kawai busasshe, fari, daidai girmanta. Kajin Salamatu suka fito daga zaure ɗaya bayan ɗaya, suka shiga wurin, suka kwanta suna birgima a cikin ƙasar.